Jan Kiriyon da Farin Faranti

Maigidana ma'aikacin gidan likita ne a Agadas, a shekarun farko bayan ƙasa ta samu ƴancin kanta. Anfirme ake ce wa masu irin aikinsa. Da safe yakan ɗebi jini a yatsan mara lafiya, ya shafa a kan wani siririn ɓallin madubi mai tsawon yatsa, ya sa a ƙarƙashin madubin likita ya duba. Muna zaune a unguwar Dagmanet, ni da shi da mahaifiyarsa, wadda nake kira Inna.

Wata rana zan wanke farar rigarsa ta aiki, sai na ji wani abu a aljihu. Guntun jan kiriyon ne, wato fensir, amma ba irin wanda na sani ba. Babu itace a jikinsa. Takarda aka naɗe shi da ita, da wani ɗan zare a gefe, in ka ja zaren sai takardar ta ware, bakinsa ya fito. Shekara uku na yi a lakkol, makarantar boko, kafin a cire ni, na san alli da tawada da kiriyon na itace, ban taɓa ganin wannan ba. Na gwada shi a takarda, ya yi rubutu mai kauri, mummuna.

Da ya dawo cin abincin rana na nuna masa. Ya yi dariya.

"Ƴar lakkol, kin ɓata mini kayan aiki a banza. Wannan ba ruwansa da takarda. Miƙo mini finjalin shayi."

Na miƙa masa. Ya rubuta bakwai a jikin finjalin, ta fito ja wur, ta zauna daram. Ya ce da shi suke sa lamba a ɓallin madubin kowane mara lafiya da kwalaben magani, don kada jinin wani ya zama na wani. Na ɗauko kiriyon ɗina na itace na gwada a finjalin, ya zame bai bar kome ba. Tawada kuwa ta dunƙule ta gangara.

Na tambaye shi dalili. Ya ce takarda kaushi gare ta, ita ce ke gurzar bakin kiriyon na itace har ya bar baƙi. Madubi sumul yake, ba abin da zai gurza. Shi jan, kaki ne aka kwaɓa da launi, mannewa yake yi. Ruwa ba ya wanke shi, sai tsumma da ɗigon kalanzir.

"Na bar miki guntun. Amma kada ki ajiye shi a rana, narkewa yake kamar man shanu."

Kwana uku ban bar kome a gidan ba. Ya kama a kwalba, ya kama a kwanon sha, ya kama a madubin ɗakina. A bangon ƙasa ya ƙi, sai marmashewa. Na zana tauraro a kwalbar fitila, da aka kunna ta ya narke ya cika ɗakin da wari. Inna ta leƙo tana toshe hanci.

"Ke ƴar nan, in kin gama da fitila, ga goshina nan, shi ma sumul ne."

Abin da ya fi karɓarsa shi ne wani farin faranti na ƙarfe mai fenti, cikin kayan aurena. A kansa jan ya fi fitowa. Shi ya zama allonmu, domin na dami maigidana da tambayar abin da yake gani a cikin madubin likita. Ni dai na san jini ja ne, ban yarda akwai wani abu a cikinsa ba. Ya gaji da bayani da baki, ya ce in kawo farantin. Ya zana da'ira, ya zana wani ɗan zobe mai ɗigo a cikinta, ya ce ƙwayar zazzaɓin sauro ke nan, tana zaune cikin jini.

Daga nan ya zama al'ada. Kafin ya fita da safe sai ya zana abu ɗaya bai faɗi sunansa ba, ni kuma in wuni ina dubawa tsakanin daka da girki, da rana in faɗi abin da nake tsammani. Ban cika dacewa ba. Na taɓa cewa ƙwallon dabino, ashe ƙwan tsutsar ciki ne. Na taɓa cewa carbi ya tsinke, ya ce na kusa, wasu ƙwayoyi ne masu jeruwa. Inna kan ce mu daina zana ƙazanta a abin da ake zuba wa baƙi dabino. Amma ranar da ya ɗebo ruwa a kwalba daga wata rijiyar lambu a Dabaga, ya zana abin da ya gani a ciki, ita ta fara tambaya ko yana da ƙafafu.

Da zafi ya fara shigowa aka tura su rangadin rigakafi wajen Tegidda, inda ake yin gishiri. Safiyar tafiya, mota na jira a bakin hanya, ya tsuguna ya yi zane a farantin da sauri. Abu ne dogo kamar kwale-kwale, da gashi-gashi a gefe ɗaya, da ɗigo biyu a tsakiya.

"Wannan kam kwana goma na ba ki. In kin gane, tsarabarki ta ninku."

"In ban gane ba fa?"

"Sai ki ci gishiri."

Sanƙarau ya kama shi a can. Ba su iso da shi gida ba, a hanya aka yi masa sutura. Ba zan tsawaita a nan ba.

Ranar sadakar uku mata suka cika gidan, ana neman kowane kwano da faranti. Ina zaune a tabarmar takaba na hango Inna ta ɗauko farin farantin, da tsumma a ɗaya hannunta. Mai takaba ba ta ɗaga murya, ba ta tashi da gaggawa. Na tashi, na riƙe gefen farantin.

"Inna, ban da wannan."

Ta duba zanen. Ta daɗe tana dubawa.

"Mene ne shi?"

"Bai faɗa ba."

Ta saki. Na gaya mata akwai wani dattijon anfirme da suka yi aiki tare da maigidana, in na nuna masa zai san ko mene ne. Amma ba ni da halin fita sai bayan wata huɗu da kwana goma, kuma ban yarda in ba kowa farantin ya kai ba, yatsa ɗaya ya isa ya ɓata shi. Inna ta ce to a adana shi yadda ake adana abin daraja. Ta yago farin alawayyo sabo, muka naɗe shi tam, muka sa a ƙasan sanduƙin ƙarfe inda take ajiye azurfarta, muka danne da zannuwa don kada ya motsa. Da masu gaisuwa suka yi yawa ɗaki ya kasa, aka fitar da sanduƙin ƙarƙashin rumfa a tsakar gida. Rana na dukan gefensa tun daga azahar har la'asar. Kullum ina ganinsa daga inda nake zaune, hankalina a kwance, don na san ba mai taɓa shi. Gargaɗin da ya yi mini game da rana bai faɗo mini ba ko sau ɗaya.

A watannin nan zanen ne abin da nake juyawa a raina. Na ce ko kifi ne, na ce ko irin wata ciyawa. Wani lokaci Inna kan zauna kusa da ni tana tsinke zogale, sai ta ce, "Ko dai ƙwarƙwata ce?"

Ranar da na fita takaba, bayan an yi wanka an share ɗaki, muka buɗe sanduƙin. Alawayyon ya manne da farantin. Na ɓamɓare shi a hankali. Farantin ya fito da wani jan dabbare kawai, kakin ya narke ya shige cikin zaren ƙyallen. A jikin ƙyallen akwai siffar, a juye, ta kumbura, gashin gefen ya haɗe, ɗigo biyun sun zama ɗaya. Inna ta zauna a bakin sanduƙin ta ce, "Ni na ce a naɗe." Na ce mata ni aka gaya wa zancen rana.

Kashegari na kai wa dattijon ƙyallen. Ya ɗaga shi wajen taga, ya juya shi ta baya, ya sa tabarau ya cire.

"Ɗiyata, ba zan yi miki ƙarya ba. Zai iya zama abu biyar, zai iya zama ba ko ɗaya. Mijinki kuma, Allah ya jiƙansa, ba gwanin zane ba ne."

Na yi dariya, karo na farko tun rasuwar. Ina naɗe ƙyallen ya tambaye ni ko na taɓa leƙa madubin likita da kaina. Na ce a'a. Ya jawo mini kujera, ya sa wani ɓalli mai jar lamba a gefe, ya ce in rufe ido ɗaya. Da fari haske kawai na gani da gashin idona. Ya murɗa wani abu, sai ga da'irori birjik, kuma a cikin ɗaya ga ɗan zoben nan mai ɗigo. Shuɗi-shuɗi ne, ba ja ba, ya fi na farantin ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Na faɗi sunansa kafin a tambaye ni.

Bayan wata biyu dattijon ya aiko cewa suna neman mai wanke ɓallayen madubi da kwalabe. Inna ta ce in je. Na yi shekaru a wannan aiki, ina goge jajayen lambobi da tsumma da alkol, ruwan kashe ƙwayoyin cuta, don a rubuta sababbi. In aiki ya yi sauƙi sukan bar ni in leƙa. Na sa ruwan randarmu, na sa na rijiyar unguwa, na roƙi masu zuwa Tegidda su ɗebo mini na ramukan gishiri. Na ga abubuwa da yawa masu gashi, wasu har suna iyo. Ban ga mai kama da kwale-kwalen ba. Ƙyallen yana nan a sanduƙin, sanduƙin kuma tun ranar yana cikin ɗaki.