Ustaz Salmanu da Tsofaffin Kirsimeti

Duk ƙauyen nan na kusa da Sinnar a ƙasar Sudan ba wanda bai san yadda Ustaz Salmanu ya zama masanin Kirsimeti ba, don shi da bakinsa yake ba da labarin. Yana ɗalibi a jami'a aka ce kowa ya zaɓi abin nazari. Ya hango "gajerun labaran Afirkans", ya ce ai wannan yaren 'yan Afirka ne, Bahaushe ba zai sha wuya ba. Sai da ya sa hannu ya gano harshen Afirka ta Kudu ne, dangin na Holan. Girman kai ya hana shi janyewa. Haka shi, ɗan limami, ya ƙare da ƙamus a cinya, yana bin labaran Kirsimeti, bikin da bai taɓa gani ba.

Abin da ya tsinta ya ba shi haushi. A labaran da ya karanta, kullum tsoho ne a bakin gona, cikin zafi, yana kallon hanya ko ɗansa zai zo biki daga birni. Kuma kullum ɗan sai ya iso. Salmanu ya rubuta da gadara cewa wannan dabara ce mai arha, ƙaryar marubuta. Ya yi shekara da shekaru yana koyar da Turanci, yana maimaita wa ɗalibai hukuncin.

Yanzu ya yi ritaya. 'Yarsa tilo, Muhsina, yaƙi ya kora ta Masar, kuma ta ce ƙila ta zo Babbar Sallah. Ranar jajibere ya ja kujera bakin hawasha, gonarsa ta auduga, wai yana duba ruwa. Ruwan na bayansa, idonsa na kan titi. Ya san abin da ya zama, har ya yi wa kansa dariya: ga tsoho, ga gona, ga zafi, ba abin da marubutan suka manta.

Matarsa Khairiyya ta kawo masa jabana, wato gahawa, daidai lokacin da motar Sinnar ta wuce ba ta tsaya ba.

"Ya Ustaz, khalas, ya isa, taso hakanan," in ji ta. "Cikin littattafan naka, ɗiyan na zuwa?"

"Kullum suna zuwa."

"To kai mi ka ce?"

"Na ce ƙarya ce."

Ya karɓi kofin. "Ki taya ni addu'a, Khairiyya. Allah Ya sa ban iya nazari ba."