Juyi Goma Sha Biyu

Wani ɗan boko ne ya yi kuskure, ni aka kora, kuma har yau a garinmu ana cewa ni na kashe wa mutane alkama.

Lokacin da kuɗin fetur suka shigo aka yi wata 'yar madatsa tsakanin Roni da Gwiwa saboda noman rani, aka ɗauke ni mai buɗe ƙofar ruwa. A aji huɗu na bar firamare, amma na san lamba. Tsohon injiniyan da ya gina wurin ya manna min takardu biyu a bango, kowacce da zanen layi mai lanƙwasa, ya koya min karanta su da tsinken tsintsiya.

Kullum da safe sai in duba inda ruwa ya tsaya a jikin sandar awo. In nemo lambar a gindin takardar farko, in haura da tsinke har ya taɓa layin, in karya hagu, sai in ga yawan ruwan da ya rage. Wannan sabuwar lambar ce nake kaiwa gindin takarda ta biyu, ita kuma ta faɗa min sau nawa zan juya sitiyarin ƙofar. Shekara shida ruwa bai taɓa yanke wa manomi ba.

Da tsohon ya tafi aka turo mana sabon jami'i daga Kano. Ranar da ya fara zuwa, sanda ta nuna takwas. Takardar farko ta ba ni uku, ukun ta ba ni juyi biyar. Shi kuwa ya ɗauki takwas ɗin ya dire ta a kan takarda ta biyu.

Ya ce, "Sha biyu ne."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba ka bi ta farkon ba."

"Malam, wai ajinka nawa ne?"

Leburori suka kwashe da dariya. Na kama sitiyari na juya sau goma sha biyu. Wannan shirun da na yi shi ne nawa laifin, ban musa ba. Haka muka yi ta ɓarin ruwa, alkama na fitar da kai madatsa ta ƙafe. Alkamar ta bushe a tsaye, har da ta ƙanen mahaifina, wanda ya koma ga Allah bai sake amsa gaisuwata ba. A rahotonsa jami'in ya rubuta cewa mai ƙofa bai iya karanta zane ba.

Bara na gan shi a kasuwar Babura, ya yi tumbi, yana taya rago. Ya gane ni, ya miƙo hannu, wai abin da ya wuce ya wuce, a yafi juna.

Na ce, "Alhaji, a wurinka ne ya wuce. Ni a cikin mutanen nan nake kwana nake tashi, 'ya'yansu ma da sunan makashin alkama suka san ni. In yafiya kake so, ga hanyar garinmu can. Ranar Juma'a ka tsaya a ƙofar masallaci ka faɗa musu daga bakin wa umarnin ya fito. Kafin nan, riƙe hannunka."