Finjali na Bakwai

Ina cikin wanke shinkafa a gidana da ke unguwar Mahjar a Jidda, ƙanena Haruna ya shigo ko takalmi bai cire ba. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Yaya Sa'adiyya ta rasu. Ciwon ya kama ta tana gaban murhu." Na tambaye shi ko ita kaɗai ce a gidan. Ya ce a'a, akwai maƙwabta mata biyu, sun yi ta salati daga nesa, amma ba wadda ta yarda ta taɓa ta, har wuta ta kama rigarta. Na ajiye kwanon, na ɗauki abayata. A mota ban yi kuka ba. Wata tatsuniyar kakarmu ce ta yi ta dawo mini.

Sitti muke ce mata, yadda yaran Jidda ke kiran kaka. Da ƙafa ta zo daga ƙasar Hausa, shekara huɗu a hanya, ta yi hajji ta zauna. Gidanmu na katako da kwano yana can cikin unguwar Hindawiyya, mu bakwai a ciki. Sana'arta suyar gyaɗa a yashi, ta sayar a ƙofar makaranta. Da an yi sallar magariba sai ta hura gawayi a tsakar gida, ta ɗora kasko, ta sa tukunyar shayi a gefe. Jidda ba garin jin ɗumi ba ne, gumi muke yi, amma ba mai matsawa. Takan ce, "To, ga ta nan tafe. Wanda ya saci gyaɗa kafin ta iso, da shi za ta fara." Mu ce, "Ta iso, Sitti," hannun Haruna kuwa tuni yana cikin faifai.

Yaya Sa'adiyya ba ta zama kusa da mu. Tabarmarta na jikin bango, nesa da wuta. 'Yar wan babanmu ce, marainiya, a hannun Sitti ta tashi, kuma sunanta ba ya cikin iƙamar Baba, wato takardar izinin zama a ƙasar. Tana da farfaɗiya. A unguwarmu an yarda cewa duk wanda yawun mai farfaɗiya ya taɓa, ya ɗauka. In ta faɗi, sai a jefa mata zane daga nesa a jira ta farfaɗo. Finjalin shayinta ma an ɗiga masa jan fenti a gindi, ana wanke shi daban. Ita ce ke yi mini kitso, ita ce ta fi kowa dariya in Sitti ta kwaikwayi muryar kura.

Tatsuniyoyin Sitti da yawa na dariya ne. Guda ɗaya ce in za ta yi ta takan rage murya. Wai wasu matafiya ne suka nufi gabas a ƙasa. A bakin kowace rijiya sukan tarar da wani mutum mai fararen kaya, da alƙalami a bayan kunne. Ba ya zagi, ba ya duka. Sallama yake yi mai daɗi, ya tambayi gajiya, ya ba yara dabino, sa'an nan ya ce, "Ku nawa ne?" Manya sun san shi, sukan rage mutum ɗaya a lissafi, su ɓoye mara lafiyarsu a ƙarƙashin kaya. Ran nan ya sami wata yarinya ita kaɗai tana jan guga, yarinya mai son a ce ta iya ƙirga. Ta ce, "Mu bakwai ne, har da ƙanena mai zazzaɓi." Ya rubuta, ya sa mata albarka. Da gari ya waye suka tashi su shida. Yarinyar ta bi sawun takalminsa a kan rairayi, ta bi, ta bi, har ta iso wata ƙofa da ba ta da gida a bayanta.

A nan Sitti ke tsayawa kullum. Haruna ya ce, "Sai me, Sitti?" Ta kwashe gyaɗa ta ce, "Halas, shi ke nan, an kira isha'i. Yalla, a tashi a yi alwala." In ta faɗi haka, ni take kallo, don ni ce mai zuwa makaranta, ni ce mai bakin Larabci. "Kin ji ko, 'yar madarasa? Ba kowace tambaya ake ba amsa daidai ba."

Ina shekara goma sha biyu mai unguwa ya aiko cewa malaman likitanci daga jami'a za su zaga gidaje. Suna bincike a kan ciwon faɗuwa da ciwon ƙwaƙwalwa, suna kuma yi wa mutane bayani. Baba ya ji jawabinsu a harabar masallaci, ya dawo ya ce maganarsu da hankali. Sitti ta ce, "Dabino ma da zaƙi." Washegari da la'asar, Baba yana wurin aiki a tashar jiragen ruwa, wata likita ta yi sallama, da ɗaliba a bayanta riƙe da takardu. Farar riga ce a kan kayanta, da alƙalami a aljihu.

Sitti ta tura Yaya bayan labule, ta zauna ta yi kamar ba ta jin ko kalma ɗaya ta Larabci, ta sa ni tafinta. Likitar ta gaishe ta da ladabi, ta sha shayi, ta yaba gyaɗar. Sa'an nan ta tambaya mu nawa ne a gidan. Ban ko juya wajen Sitti ba na ce shida. Ta ce ko akwai mai faɗuwa, ko mai suma. Na ce babu. Ɗalibar ta rubuta. Likitar kuwa ta dubi tiren da ke kan akwati, finjali shida a jere, na bakwai a kife can gefe da jan gindinsa a sama. Ta dubi labulen. Sai ta miƙe ta yi mana sallama.

Da na raka su ƙofa, sai likitar ta sunkuyo ta sa mini wata 'yar takarda a hannu. A hankali ta ce, "Ya binti, 'yata, ki faɗa wa kakarki abu uku. Ba a ɗaukar ciwon nan ta yawu. Yana da magani, ƙwaya ce ake sha kullum. Kuma ranar Talata muna duba mutane, ba ma tambayar iƙama."

Na koma ciki. Sitti ta ce, "Me ta ce miki a ƙofa?" Na ce, "Godiya ta yi." Ta shafa kaina ta ce na fi yarinyar rijiya wayo. Da daddare Yaya tana tsefe mini kai ta tambaye ni ko likitar tana da kirki. Na ce ban lura ba. Takardar tana cikin littafin karatuna.

Na sha tambayar kaina dalili. A lokacin tsoro ne, na gaskata cewa in na faɗa za a sa Yaya a jirgi zuwa ƙasar da ba ta taɓa gani ba, kuma da bakina. Da na girma na gane likitar gaskiya ta faɗa, sai kunya ta maye gurbin tsoron. Sitti ta rasu, faɗuwar Yaya ta ragu, na ce wa kaina ciwon ya gaji da ita. Na yi aure na tashi daga unguwar.

A zaman makokin Yaya, rana ta uku, Baba ya faɗa mini abin da ban sani ba. Ya ce a bakin teku, kafin su hau jirgin tsallakowa, masu duba lafiya sun tambayi Sitti 'ya'yanta nawa. Ta faɗi gaskiya. Aka ware ƙaramin saboda zazzaɓi, aka ce zai biyo jirgin baya. Ta yi wata biyu tana zuwa tasha tana jiransa, bai zo ba. Sai na gane abin da ya sa tatsuniyar ke tsayawa a bakin ƙofa: ita ma nan ta tsaya. Ba ta yi mana ƙarya ba. Abin da ta gani ta koya mana, ni kuma na riƙe shi da kyau, har na kasa rabe mai ɗauke mutum da mai kawo magani.

Matan nan biyu da suka tsaya daga nesa sun zo gaisuwa, suna kuka, suna cewa tsoron yawun suka ji. Na karɓi gaisuwarsu. Ba ni da bakin ganin laifinsu.

Finjalin yana wurina, takardar ma tana nan, tawadar ta koɗe. Abu uku aka ba ni in fassara, kuma har yau ban fassara wa kowa a gidanmu ko ɗaya ba.