Kwanon Kaka Kiyari

Shekara shida ke nan da rasuwar Kaka Kiyari, mahaifin babana. Makon jiya sakamako ya fito, na ci lisans ɗina na jami'a, portabul ɗina har zafi yake don saƙonnin barka, ni kuma ina ta danna amsa ba tsayawa. Ana cikin shagalin sai na ji wani iri. Wanda zai fi kowa yi mini tsiya ba ya nan. Na san abin da zai ce: “Amarya, duk bokon nan, kin iya daka tattasai kuwa?”

Manomin tattasai ne a Baruwa, bakin Komadugu. Ciwon zuciya ya daɗe tare da shi tun can, yana shan ƙwayarsa, yana aikinsa a hankali, dariyarsa har maƙwabta. Da tashin hankali ya koro mu Diffa sai suga ya shigo, gwiwa ta biyo baya, ido ma ya fara dushewa. Shi da bakinsa yake cewa ya saba da zuciyar kamar tsohon maƙwabci, baƙin da suka sauka daga baya ne suka cinye masa gida.

Kowane lokotoro a asibiti da nasa. Na zuciya ya ce a bar gishiri, a riƙa ɗan tattaki. Gwiwa ta ce ba inda za a je. Na suga ya soke shayi mai zaƙi. Duk gaskiya suka faɗa, ban ga laifinsu ba. Mu kuma a gida muka ɗauki rejim, wato dokar abincin, da zafi, don wallahi son shi muke. Aka saya masa ƙaramar tukunya, aka ware masa kwano.

To a gidanmu maza tire ɗaya suke ci, babba ne ke sa hannu farko, shi ke tura wa yara nama. Aikin Kaka ke nan tun kafin a haife ni. Da aka ware masa kwano sai aka ga ai ba daɗi ya zauna yana kallon miyar mutane, gara a kai masa ɗaki. Tausayi ne fa. Yana ciki yana jin su baba suna hira a tsakar gida, suna gardamar farashin buhu, ba shi a ciki.

Ya fara mayar da abinci rabi. Muka ce rashin gishiri ne. Wata rana na shiga ɗaukar kwanon ina tsokanarsa, wai ango ya ƙi girkin amarya. Bai rama ba, shi da ba a kayar da shi a tsiya. Cewa ya yi, “Gishirin ban damu da shi ba. Wa ke raba wa yaran nama yanzu?”

Na yi dariya, na ɗauka wasa ne. Kowa ma haka ya ɗauka. A likita ana auna masa tansiyo, wato hawan jini, ana auna suga, lambobi suna kyau, muna murna. Ba wanda ya tambaye shi ko ranar ta yi masa daɗi.

Da zai ga Diffa ta yau, ban san me zai ce ba. Wasu sun koma gona, wasu har yanzu tsoro, mu dai muna nan. Amma na san zai leƙa kicin ɗinmu ya yi ta mamaki. Bara aka ce babana ma yana da tansiyo da suga. Mama ta ɗauko maganar ƙaramar tukunya, ni da yayyena muka ce sam. Tukunya ɗaya ake yi yanzu, gishiri kaɗan, kowa ya ci haka. Ƙannena suna ta ƙorafi miya ta yi lami, babana yana tsakiyarsu yana tura musu nama yana ce musu su rufe baki su ci.

Abu mai sauƙi haka, Kaka, kuma sai da ka tafi ya zo mana. Allah ya jiƙan ka, ya sa ka huta.