Jimrau da Buhun Tsummokaran Alhaji

Duk ranar kasuwa, tun kafin masu raƙuma su sauke kaya, Jimrau gardin lakwal ɗin Dakoro, wato maigadin makarantar boko, ya riga ya rataya buhunsa. Teloli su ba shi ƙyallaye, dukawa guntayen fata, matan Azagor ƙaro, wanda yake jiƙa wa yara su yi liƙi da shi. Da waɗannan kyaututtuka ajin aikin hannu yake tafiya. Sai dai Jimrau ba ya karɓa ido rufe. Ya shinshina fata, ya ja ƙyalle, ya latsa kara ko gara ta shiga. Kai ka ce surukin sarki ne yake zaɓen lefe!

Shekara ta uku da samun 'yanci, sufeton lakwal ya ce idan yara ba su nuna abin kirki ranar bikin ƙasa ba, zai rufe ajin. Yara suka ce tuta za su ɗinka. An samu fari, an samu ruwan lemo, kore ya gagara. Alhaji Sha'ibu mai hatsi ya aiko da buhu guda. Aka kwance, sai tsummokara masu warin ɓera, taɓawa ɗaya su yage.

Wa ya taɓa mai da kyautar mai arziki? Jimrau ya saɓa buhun har ƙofar gidan Alhaji, a idon jama'a, ya durƙusa.

"Alhaji, mun gode. Amma tutar nan ɗiyarka Alheri za ta ɗaga ta gaban mutane. Da wanga za ta ɗinka?"

Masu awon hatsi kowa na cewa aikin gardi ya ƙare. Alhaji ya shige gida. Da ya fito, sabon koren yadi ne a hannunsa, ko wanki bai gani ba.

Ranar biki Alheri ta ɗaga tuta, iska ta kaɗa ta, ko zare bai tsinke ba. Guɗa ta kaure, sufeto ya miƙe yana tafi, ajin nan kuwa har yau yana nan.

Jimrau namu, yau da ka ajiye mabuɗan lakwal ka bar aiki, zuciyarmu cike take. Kai ne ka hana a mai da hannun yara juji. Allah Ya saka maka. Mu kuma, kafin mu miƙa kyauta, mu tambayi kanmu ko za mu so mu gan ta a hannun ɗiyarmu.