Littafin da na haddace

Jiya a Argungu Hadiza ta mayar mini da littafina sabo fil, sai kusurwar shafi na bakwai da ta lanƙwasa.

Littafi ne kan yadda mutum zai tsara ranarsa, ya san abin da yake nema. Na saye shi lokacin da aikin ofis ya ishe ni, shekara tara kan kujera ɗaya. Na ara wa Hadiza shi lokacin muna tebur ɗaya a ofis. Yau ga ta da injin gyaran shinkafa, mata shida na yi mata aiki.

Bakina ya yi mata murna, ƙirjina ya yi nauyi. Sai da na yi istigfari a zuci.

Na ce, "Ni fa haddace shi na yi. Ja mini baƙi ko'ina in ƙarasa miki."

Ta yi dariya. "Yaya, ai ba allo ba ne da za ki biya wa malam. Ni shafi bakwai na karanta, na tashi."

Har na iso gida a unguwar Badariya shafi bakwai ɗin nan na cina. Litinin kuma kujerata na jirana.

'Yan uwa, wanda ya taɓa jin haka game da wanda yake ƙauna, da me ya wanke zuciyarsa?