'Yar'azumi Mai Banda da Magenta Guntuwa

Duk wanda ya taɓa sayen bandar tarwaɗa a Haɗeja, in dai ba ta hannun 'Yar'azumi ba ce, to, wallahi bai ci mai daɗin ba. Mace ce gajera kakkaura, idanunta kullum jajur saboda hayaƙi, muryarta kuwa tun daga bakin kogi kana jiyo ta. A gidan masunta ta tashi, a gidan masunta ta yi aure. Mijin ya rasu ya bar ta da murhun banda da baki mai tsokanar tsiya.

Banda ke ciyar da ita, amma abin da take ji da shi a ranta shi ne wankan jarirai. Allah bai ba ta haihuwa ba, sai ya ba ta hannu. A unguwarsu in aka haihu, kafin ruwan jego ya tafasa an aika mata. Sai ta dirje hannuwanta da lemon tsami har ƙarnin kifi ya fita, ta karɓi jariri tana tsokanar hancinsa. Rabin samarin layin nan ita ta fara zuba musu ruwa.

Shekarar da ambaliya ta ci gonakin shinkafar Auyo, Bunu, masuncin da ke kawo mata kifi, ya sauke mata kwando ya ce, "Inna, yau har da gyara." Ta buɗe, sai ga 'yar mage jiƙe sharkaf, wai a kan reshen bishiya ya tsinto ta. Fara ce mai dabbare-dabbaren baƙi da ja, kanta a mulmule, ƙafafunta na baya sun fi na gaba tsawo. Inda wutsiya ya kamata ta kasance kuwa, ɗan dunƙulen gashi ne kamar curin auduga. 'Yar'azumi ta juya ta, ta sake juya ta, ta ce, "Ke kuma rabon wutsiya aka yi kina barci?" Nan take ta raɗa mata Guntuwa.

Kai, Guntuwa ba irin magen da aka saba gani ba ce. In ta tashi gudu tsalle take kamar zomo. Ba ta tsoron ruwa, har hannu take tsomawa cikin bahon wankin kifi. Duk inda 'Yar'azumi ta sa ƙafa tana biye, in an yi mata magana ta amsa, su yi ta hira kamar sa'o'in juna. Ɓera kuwa ya yi ƙaura daga ɗakin banda. Ita ma uwar ɗakin ba ta yi mata rowa ba. Sai ta zare ƙaya tsaf kafin ta ba ta kifi, ta sauya mata ruwan sha safe da yamma, ta taje ta da tsohon matajinta tana duba ƙuma. Har Keke Napep ta ɗauka ta kai ta asibitin dabbobi aka yi mata allura, 'yan layi suna ta dariya.

Bakinta ne ya jawo mata. Wata rana maƙwabciyarta Saude ta shigo sayen banda, ta ga magen, ta ce, "Ke 'Yar'azumi, ina bindin wannan abar?"

"Kifina ta sata, na datse na sa a miya."

Da wasa ta faɗa, amma Saude ba ta san wasa ba. Kafin Juma'a ta zagayo maganar ta gama unguwa. A Islamiyya malama ta yi bayanin azabar mai cutar da mage, sai 'Yar'azumi ta ga duk mayafai sun juyo gare ta. Ta rantse haka magen ta zo mata, ta maimaita, a banza. Bunu da zai yi mata shaida ya tafi su can wajen tafkin Chadi. Aka haihu a gida ɗaya, ba a aiko ba. Aka haihu a na biyu, shiru. Sannan ta ji Saude ta ce jikan da surukarta Ma'u za ta haifa ba zai shiga hannun da ya riƙe wa mage wuƙa ba. Wannan ta yi mata ciwo ƙwarai. Ta zauna gaban murhu tana hawaye, tana cewa hayaƙi ne.

Ana nan sai cikin Guntuwa ya fito. 'Yar'azumi ta shimfiɗa mata tsumma cikin tsohon kwandon da ta zo a ciki, ta ƙara mata kan kifi. Ranar da naƙuda ta kama magen da hantsi, sai ta yafa mayafi ta bi gida-gida tana sallama. "An kusa sauka a gidana, a zo barka!" Matan suka biyo ta, wasu don dariya, wasu don gulma. Saude ce a gaba, ta harɗe hannu.

Na farko ya faɗo, ga wutsiya zaƙal har tana lanƙwasa. Saude ta yi gyaran murya. Na biyu ma haka. 'Yar'azumi ta ce a ranta yau ta tara wa kanta 'yan kallo. Guntuwa ta lashe 'ya'yanta, ta huta abinta kamar ba ita ake jira ba. Can ta yunƙura, na uku ya sulluɓo, fari tas. Da uwar ta gama lashe shi ya juya baya, sai ga ɗan dunƙule, bai kai ƙwayar gyaɗa ba.

"La ilaha illallahu!" in ji wata. Wata ta rangaɗa guɗa, tsakar gida ta kaure. Saude ta durƙusa ta ƙura ido, ta daɗe tana kallo.

"Duba da kyau," in ji 'Yar'azumi, tana dariya tana share ido. "Ko shi ma cikin na shiga da wuƙa?"

"Ki yafe ni, 'yar'uwa. Na ɗauki alhakinki."

"Na yafe. Ni ma bakin nan nawa Allah ya shirye shi."

Nan matan suka shiga kamun 'ya'yan, don mage ba a sayenta, roƙa ake yi. Kowa guntun take so. 'Yar'azumi ta ce babu mai ɗaukar ko ɗaya sai sun buɗe ido sun ƙoshi da nono, guntun kuma ta riga ta yi masa gida.

Ba a rufa sati ba, tana cikin juya kifi, Saude ta faɗo gidan ko takalmi babu. "Ma'u ta sauka, mace! Ruwa na kan wuta, taso!" 'Yar'azumi ta bar banda a kan murhu, ta yanka lemon tsami ta hau dirzar hannu, Guntuwa na zagaya ƙafafunta. Da aka miƙa mata jaririyar, ta kwantar da ita a kan ƙafafunta, ta ɗebo ruwan ɗumi. Hancin yarinyar abin tsokana ne sosai, amma ranar nan 'Yar'azumi ta kasa cewa komai sai bismillah.